Igiyar Awon Jatau

Kurfi, Afrilu 1963

Zuwa ga taubashina Malam Ummaru, malamin dabbobi a Dutsin-Ma.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mairo da yara. Mu nan lafiya lau, in ka cire zafin bazara da ya hana kowa sakat. Inna, gwaggonka, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar Kurfi ce ta ɓace maka. Na ce mata tun da aka ba ka keke da gajeren wando ka daina gane talakawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, shi ne Jatau. Ka san shanun huɗar Inna biyu ne, Jatau da Fari, waɗanda marigayi Baba ya bar mata. To, Jatau ya lalace. Ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, tozonsa ya kwanta, ga zawo, ga wani kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa. Mun ba shi kanwa, mun jiƙa mashi sassaƙen maɗaci, duk a banza.

Damina ta matso, kuma Fari shi kaɗai ba zai ja garma ba. In Jatau bai tashi ba, gonar Inna ba huɗa bana. Ni hatsi nake sayarwa, rumbuna cike yake, amma ka san halin gwaggonka: ba ta cin tuwon da ba a gonarta aka noma ba. Tana can zaune gindin turke tana kore mashi ƙuda, ita ma ta fara ramewa.

Ka zo ka duba shi. In girman kai ya hana ka, ka aiko da magani ta hannun Ɗanmusa mai jakuna, wanda ya kawo maka takardar nan.

Naka, Rabo.

*

Dutsin-Ma, Afrilu 1963

Zuwa ga Rabo, sarkin mudun Kurfi.

Takardarka ta same mu cikin ƙoshin lafiya. Mairo tana gaishe ku, ni kuma ka durƙusa ka gaishe mani da Gwaggo, ka ce mata Allah ya ba Jatau lafiya.

Zuwa dai ba zan iya ba, kuma ba girman kai ba ne. Allurar rigakafin ciwon bushiya muke yi, kowane garken shanu daga Makera har Kuki sai an bi shi. Tun asuba muke tsaye cikin rana muna kokawa da bijimai, babban likita kuma ya ce ko wanda matarsa ta haihu kada ya nemi izini. Raina a ɓace yake, amma ba yadda zan yi.

Yadda ka kwatanta, tsutsar hanta ce. Akwai magani, na ɗura ne, sai dai mai ƙarfi ne ƙwarai. Kaɗan ba ya kashe tsutsa, da yawa kuma yana kashe san. Ana ba da shi gwargwadon nauyin dabba, don haka ba zan aiko ba sai na san nauyin Jatau. Na san ba ku da sikelin da zai ɗauki sa, amma akwai hanya.

Ka samo igiyar ɗinkin buhu guda biyu, wadda ba ta miƙewa. Ka tsai da shi a wuri mai daidai. Ta farko ka zagaya ta a ƙirjinsa, dab da bayan ƙafafun gaba, ta kwanta a kan fata, ka yi ƙulli inda ta haɗu. Ta biyu ka ja ta daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, nan ma ka ƙulla. Ka aiko mani su biyun. Ni zan gwada su da rula in fitar da nauyin ta lissafi.

Don Allah, Rabo, ka yi shi a natse. Daidai nake so.

Ummaru.

*

Kurfi, Afrilu 1963

Malam Ummaru,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, sai dai Jatau jiya ya fi yau. Yanzu sai an tallafa mashi yake tashi.

Na aika neman magani an aiko mani da aikin tela. Da na karanta wa Inna takardarka sai ta ce, "Yo riga za ya ɗinka mashi? Ku hwaɗa mashi sa na kwance, ba salla za shi ba." Mutanen unguwa sun taru suna kallona ina zagaya sa da igiya, wani har yana tambaya ko lefe za a yi mashi. Duk na haɗiye saboda Inna.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne ƙarshen takardarka. Ni za ka ce wa in auna daidai? Tun kana tallan rake nake riƙe da mudu a kasuwar Kurfi. Ka zagaya garin nan ka nemo mace ɗaya da za ta ce Rabo ya taɓa rage mata ƙwayar gero. Awo sana'ata ce, kai a takarda ka san shi.

Ga igiyoyinka nan, mai jan zare a baki ita ce ta ƙirji. Na auna shi yadda ya kamata a auna abin gida. Kada Ɗanmusa ya dawo hannu rabbana, don in ya dawo da wata takardar ba kwalba, ni da kaina zan zo in ɗauko ka a gaban likitan naku.

Rabo.

*

Dutsin-Ma, Mayu 1963

Rabo,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo da mutanen gida. Mu lafiya, sai gajiya. Fushinka ya iso tare da igiyoyin, na ajiye fushin na ɗauki igiyoyin.

Ta ƙirji ta ba ni inci sittin da huɗu, ta tsawo hamsin da huɗu. Ƙa'idar ita ce a ninka ƙirji da ƙirji, a ninka da tsawo, a raba gida ɗari uku. Da na yi sai ya fito laba 737.28. Na rubuta maka ita duka don ka ga ba tallan rake kaɗai na iya ba. Gaskiya ban zaci Jatau ya kai haka ba yadda ka ce ya rame, amma na daɗe ban gan shi ba, kuma ga igiya a gabana.

Yanzu ka saurara, don wannan shi ne abin da nake ta fama da abokan aikina a kai. Lambar nan mai doguwar wutsiya ba gaskiya ce duka ba. Igiya a jikin sa mai numfashi ba ta faɗin abin da ya fi inci kusanci. Lamba biyu ta ba ni a ƙirji, shida da huɗu, lamba biyu a tsawo, biyar da huɗu, saboda haka lamba biyu kaɗai zan iya tsaya wa a amsar. Bakwai ta farko tabbas ce, ukun da ke bin ta da dama-dama, sauran kuwa takarda ce ta haife su, ba wanda ya auna su. Wanda ya ce sa ya kai laba kaza da ɗigo ashirin da takwas, sai ya faɗa mana ko kafin ya yi kashi ne ko bayan ya yi.

Abin da ake yi shi ne a matsar da lambar zuwa wadda ta fi kusa. Talatin da bakwai ta fi kusa da arba'in, don haka Jatau laba 740 ne. Maganin layi ɗaya ne na kofin awo ga kowace laba ɗari, wato bakwai da ɗigo huɗu. Huɗu ba ta kai rabi ba, sai a zubar da ita. Layi bakwai ke nan.

Ga kwalbar nan da ɗan kofin awo mai layi-layi. Kada ka ba shi yanzu. Ka ɗan kiwata shi da harawa da dusa ya sami ƙarfi tukuna, sannan ka ɗura mashi da safe kafin ya ci komai. Layi bakwai, kada a wuce. Kuma in an ba dabba maganin nan ba a cin namanta sai an daɗe, ka riƙe wannan.

Gobe za a kwashe mu zuwa Kutawa, can za mu yi zango har mu gama da garkunan wajen.

Naka, Ummaru.

*

Kurfi, Mayu 1963

Zuwa ga Malam Ummaru mai lissafi.

Gaisuwa da godiya. Kwalba ta iso lafiya, Inna ta sa maka albarka har ta gaji. Jatau yana cin harawa, jiya ma ya tashi da kansa. Hankalinmu ya ɗan kwanta, ko da yake hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana gyaran garmarsa ni ina zaune ina jinyar sa.

Takardarka na karanta ta sau da yawa. Maganar lambobin da takarda ta haifa ban gane ta ba, kuma ba na jin zan gane. Amma abu ɗaya ya ba ni dariya har Inna ta leƙo. Ashe ku ma kuna gyara. Lissafi ya ba ka ɗari bakwai da talatin da bakwai, ka duba ka ga na gida ne, ka ɗora uku suka zama arba'in. To ai abin da muke yi ke nan a kasuwa, ka cika mudu ka ɗebo da hannu ka ƙara. Mu muna kiransa gyara, ku kun yi shekaru a makaranta kafin a koya maku. Da ka tambaye ni da na koya maka kyauta.

Ni ma ban yi wa Jatau rowa ba. Da igiyar ta haɗu a ƙirjinsa sai na ga in na ƙulla a nan cif, kamar na auna wa baƙo ne da muka yi faɗa. Ga shi ramar ciwo ce ta cinye shi, ba haka jikinsa yake ba. Sai na ɗora faɗin tafin hannuna sannan na ƙulla. Ta tsawon ma haka na yi mata. Ka ga da ni da kai hannunmu ɗaya, jinin Inna bai ɓace ba.

Maganar layi bakwai kuma kada ka damu, na san yadda ake auna bakwai. In ya ƙara kwana biyu yana ci haka, zan ɗura mashi, don ba zan bari ruwan shuka ya same shi da tsutsa a ciki ba.

Ɗanmusa ya ce ba zai kai Kutawa ba, zai bar wannan a gida wurin Mairo.

Taubashinka, Rabo.

*

Dutsin-Ma, Mayu 1963

Rabo,

Gaisuwa a taƙaice, ina fatan kowa lafiya. Yanzu na sauka daga Kutawa, ko ƙafa ban wanke ba Mairo ta miƙo mani takardarka, ta ce ta kwana biyu a nan. In ba ka ba shi maganin ba, ka ajiye kwalbar nan ka karanta wannan har ƙarshe.

Me ya kai ka? Na ce maka daidai, na roƙe ka da Allah. Wa ya ce maka ƙirjin sa mudu ne? Faɗin tafin hannunka ya yi inci huɗu. In na cire shi, ƙirjin Jatau sittin ne, tsawonsa hamsin. Sittin sau sittin sau hamsin, a raba ɗari uku, laba ɗari shida ke nan. Ko da ɗan sama ko da ɗan ƙasa, tunda ban auna hannunka ba, amma ba ta kusa da ɗari bakwai. Ƙirji sau biyu yake shiga lissafin, don haka gyaranka ma sau biyu ya shiga, na tsawon ya zo ya hau kai. Ka ɗora wa sa laba ɗari da arba'in da ba ya da su. Layi shida ne rabonsa, kuma yadda yake da rauni ko shidan da tsoro nake faɗa.

Abin da na yi ba gyara ba ne, kuma ya ƙona mani rai da ka kira shi haka. Gyara kullum sama yake yi, don a faranta wa mai saye. Nawa ba ruwansa da faranta wa kowa. In lamba ta kai rabi a hau, in ba ta kai ba a sauka. Ba ka ga a takarda ɗaya na ɗora uku a nauyi, na kuma zubar da huɗu a magani ba? Ka ga hawan ka yi dariya, saukar kuwa ka tsallake ta. Kuma sau ɗaya ake yinsa, a ƙarshen lissafi, a kan takarda. Ba a yinsa a jikin igiya. Abin da aka auna yadda ya zo haka ake barinsa, ko ya yi wa mutum daɗi ko bai yi ba.

Ramar da ka tausaya mashi a kanta ita ce dalilin awon. Hantar da za ta ɗauki maganin ta Jatau na yau ce, ba ta Jatau na bara ba.

Ni ma ina jin haushin kaina. Na ga nauyin ya yi yawa, zuciyata ta faɗa mani, amma lambar ta fito da ɗigo da wutsiya ta yi kyau a ido, na tsaya ina yi maka burga da ita maimakon in tambaye ka yadda ka ƙulla. Na zauna ina tace lamba ta uku da ta huɗu, alhali ta farkon ma ba daidai take ba.

Kuma wannan magana taka ta cewa ka san yadda ake auna bakwai ta hana ni zama. Ka ɗaga kofin daidai idonka, ruwan ya tsaya a kan layi na shida. Ko ɗigo kada ka ƙara. Ban jira Ɗanmusa ba, na ba wani direba da zai bi ta Kurfi, na roƙe shi ya kai maka hannu da hannu.

Ummaru.

*

Kurfi, Yuni 1963

Malam Ummaru,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mairo. Mutane lafiya. Na daɗe ban ba ka amsa ba don ban san ta inda zan fara ba.

Takardarka ta zo bayan azahar. Ni kuwa tun da hantsi na ɗura mashi. Motar ta lalace a hanya, ta kwana, direban ya yi ta ba ni haƙuri bai san abin da ya ɗauko ba. Na zuba bakwai ɗin da ka ce, na duba kofin na ga saura wuri, hannuna ya ƙara layi guda. Takwas ya sha.

Ranar bai nuna komai ba, har na fara cewa tsoronka ne ya yi yawa. Washegari ya ƙi harawa. Daga nan sai rawar jiki, sai ya kwanta ya miƙe wuya. Da muka ga numfashi ya fara sarƙewa na sa aka yanka shi don kada ya tafi mushe. Mahauta sun zo da wuƙaƙensu za a yi watanda, na tuna maganarka na hana. Fata kaɗai muka cire, sauran muka haƙa rami bayan gari muka binne. Har yau akwai masu cewa na haukace, na binne sa guda a cikin bazara ana neman abin miya.

Na yi fushi da kai sosai, kada in ɓoye maka. Na ce da ka zo da kanka, na ce da ka rubuta mani bakwai kawai ba ka cika ni da lambobi ba. Na yi fushi da direban ma. Da na gama zagayawa ban sami wanda ya zuba na takwas ɗin ba sai ni.

Na zauna na faɗa wa Inna komai, har tafin hannun da na ɗora a igiya. Na so ta zage ni. Sai ta ce, "Mi zan ce maka? Ni na riƙe hannunka bisa mudu tun kana yaro, ni na ce kada ka kuskura ka miƙa ma mutum abu cif. Da ka auna mashi ba gyara, ni da kaina sai in ce rowa ka yi mashi." Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi huɗa. Na nemi aron sa a haɗa da Fari, duk wanda na je wurinsa nasa na cikin karkiya. Gonar Inna da hannu muke yi, ko rabi ba mu ci ba, kuma lokaci ya wuce. Ita ma tana fita da fartanya, na hana ta ƙi ji.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. Fari ya fara zawo, kuma jiya na shafa ƙarƙashin haɓarsa na ji kumburin nan. Akwai sauran magani a kwalba. Na yanko sabuwar igiya, na tsai da shi a wuri mai daidai, na zagaya ta a ƙirjinsa yadda ka ce. Ina ganin inda ta haɗu da idona. Amma duk lokacin da na zo ƙullawa, sai in tarar yatsuna sun matsa gaba. Na kwance na sake, na kwance na sake, har yanzu ban san ko ƙullin da na yi na gaskiya ba ne, kuma shi kaɗai ya rage wa Inna.

Ban aiko da igiyar ba. Ka faɗa wa likitanku duk abin da za ka faɗa mashi, ka zo ka ƙulla ta da hannunka.

Rabo.